Furfurar Direba

"Ka daina motsi mana! So kake in shafa maka a kunne?"

Inna ta dafe kan mijinta da hannun hagu, ta tsoma tsohon buroshin haƙori cikin kwanon baƙin rini da na dama. Yana zaune a kujerar roba a bakin banɗaki, ta yafa masa tsohon tawul a kafaɗa. Warin rinin ya cika gidan, mai yaji ne, yana hawa ido. Ita kam ta gode wa warin, don ko an ga hawaye a fuskarta tana da wanda za ta ɗora wa laifi.

"Sanyi gare shi, Kwandasta," in ji shi. "Sai ka ce an kwaɓa mini laka a ka."

Tun suna da sauran ƙarfi yake kiran ta Kwandasta, wai shi ke riƙe da sitiyari amma ita ke cewa a tsaya ko a tafi. Shi kuwa duk unguwa Direba ake ce masa, saboda motar makarantar firamare da ya yi rabin rayuwarsa yana ja. Da farko sawu uku yake yi kowace safiya, yara har a kan matakala. Aka dawo sawu ɗaya. Daga baya ya koma zagaya gari da yara huɗu a cikin mota mai kujera hamsin, har ranar da aka sa wa ƙofar makarantar kwaɗo. Ba annoba aka yi ba, ba yaƙi ba. Haihuwa ce ta yi ƙaranci, matasan da ke akwai kuma suka bi jirgi neman aiki, aka wayi gari shagon sayar da tabarau da sandar dogarawa ya fi na kayan jarirai ciniki.

Inna ta raba gashin da tsinin mataji, ta shafa. Fari ne tas, mai laushi. Ita ce ta tsinci farin gashi na farko a kansa wata rana da hantsi, ta tuge ta nuna masa tana dariya, ya ce ƙarya ne, zaren riga ne. Tun daga nan bai taɓa yarda a rina masa ba. Cewa yake fentin da Allah ya yi, shi bai isa ya sāke masa launi ba. Ga shi yau ya miƙa kai kamar rago.

Makon jiya ne mota mai lasifika ta bi layinsu a hankali tana shela: duk gidan da ke da namiji wanda bai kai sittin ba, ya ba da mutum ɗaya don gadin iyaka. Ƙasar da ke ƙetaren kogi ta cika maƙil da samari, ba gona ba aiki, nan kuwa ga gonaki shimfiɗe a bakin iyaka babu mai noma, ga ƙauyuka da ba a jin komai sai tarin tsofaffi. Rediyo ya ce maƙwabta sun fara leƙe. A gidan Inna namijin da bai kai sittin ba ɗaya ne tilo, ɗansu Auta, wanda shi ne fari shi ne ƙarshe. Matarsa kuma, wadda har yau Amarya ake ce mata duk da shekarun da ta kwashe a gidan, cikinta ya tsufa bayan dogon jira. Shi ne cikin farko da layin ya gani tun ba a tuna ba. Tsofaffin mata har layi suke yi da rigunan da suka ɗinka wa jaririn da bai iso ba.

Sai dai dokar ta bar wata 'yar kafa: gida na iya tura wani namiji a madadin, muddin shi ma bai kai sittin ba. Direba ya ba wa saba'in baya.

Ƙofar waje ta buɗe. Auta ne ya dawo daga shagonsa, inda yake gyaran keken marasa lafiya, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya turus.

"Baba, mene ne haka?"

"Kwalliya nake. Aure zan ƙara."

"Baba, don Allah. Na ce zan je. Sunana aka kira, ba naka ba."

"Gida aka kira," in ji Direba, bai juyo ba, don Inna na riƙe da kansa. "Kuma gidan nan nawa ne."

"Gwiwar da ko matakalar asibiti ba ta iya hawa? Inna, ke ma kin biye masa?"

Inna ba ta ɗago ba. Ita ce ta je kanti da ƙafarta ta sayo rinin. Kwana ta yi ta wuni tana auna su biyun a ranta, mijin da ta tsufa tare da shi da ɗan da ta haifa sau ɗaya tak, ta rasa wanda za ta miƙa. Da ta ga Amarya zaune a bakin gado riƙe da ciki tana kuka ba sauti, sai ta ɗauki mayafi ta fita. Da ta dawo ta ajiye kwalbar a gaban Direba, bai tambaye ta komai ba. Murmushi ya yi ya ce, "To, Kwandasta ta ce a tafi."

"Je ka wanke hannu," ta ce wa Auta. "Matarka ba ta ci komai ba tun safe."

Da ta ɗauraye masa kan, ta goge, ta miƙa masa madubi. Baƙi wuluk, har yana ƙyalli, a saman fuskar da ta yamutse kamar takardar da aka dunƙule. Ya juya hagu ya juya dama.

"Wa ya ga saurayi!" ya ce. "Ki riƙe ni da kyau, kada 'yan mata su sace ni a hanya."

Ta yi dariya, ta ɗauke kwanon rinin.

* * *

A tsohuwar makarantar ake tantance mutane. An fasa kwaɗon, an share harabar, an kafa tebur a ajin da har yanzu akwai hotunan dabbobi a bango. Inna ta raka shi riƙe da jakarsa, tana ta addu'ar kada a gane. Ta sa ya bar sandarsa a gida, ta hana shi sa hula don a ga kan da kyau.

Da suka shiga harabar sai ta ja ta tsaya. Layi ne dogo har bakin famfo, kuma kowane kai a cikinsa baƙi ne wuluk. Ga wanda ya ranƙwafa, ga mai rawar hannu, ga wanda babu haƙori ko ɗaya a bakinsa, amma gashi sai ka ce na ango. Rana ta take, gumi ya fara wanko rinin, yana bin ƙeya da bayan kunne yana sauka a kwalar riga. Wasu ko girar ba su tuna sun rina ba.

"Direba! Kai ma ka zo?"

Mai Burodi ne, maƙwabcinsu, wanda ya girme wa Direba da shekara biyu. Jikansa yake karewa. Nasa rinin ya yi ja-ja kamar tsatsa.

"Ƙanena, ina ka samo wannan?" in ji Direba. "Kai da gashin masara ba bambanci."

"Wa kake kira ƙane? Ranar da aka haife ka ina tafiya da ƙafata."

"Yau dai duk sa'anni ne."

Suka yi dariya, wasu a layin suka taya su. Inna ta kasa. Ta tsaya a bakin taga tana leƙe lokacin da aka kira shi. Hafsan da ke bayan teburin shi ma ba yaro ba ne, idanunsa sun yi luhu-luhu don gajiya. Bai nemi katin shaida ba.

"Shekarunka nawa, Baba?"

"Hamsin da takwas, ranka ya daɗe."

"Haka ne. Duk layin nan hamsin da takwas ne. Tsuguna ka tashi."

Direba ya tsuguna. Inna ta ji ƙarar gwiwarsa daga inda take. Ya yunƙura, ya kasa, ya kai hannu ya kama ƙafar teburin. Hafsan ya juya kai yana kallon hoton giwa a bango, bai waiwayo ba sai da ya ji tsohon ya miƙe yana haki.

"Lafiyarka ƙalau," ya ce. "Na gaba."

A nan Inna ta gane ba wanda suka yaudara. Duk kaffa-kaffar da ta yi, da man da ta shafa masa a kunne don kada rinin ya tona su, a banza. Hukuma ba shekaru take nema ba, kawuna take nema, kuma ta fi son su baƙaƙe. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta rasa wa za ta ji haushi, hafsan ko kanta.

Da yamma aka kawo motar da za ta kwashe su. Motar makarantar ce, an sa mata sababbin tayoyi, an shafe launinta na rawaya da fenti ruwan toka, amma zanen fensir da littafi na nan yana leƙowa ta ƙarƙashin fentin. Direba ya shafa gefenta kamar mai gaida tsohon aboki. Inna ta cusa masa kwalbar rini ta biyu a jaka, tare da maganin hawan jini da safa.

"Idan fari ya fara fitowa ka shafa. Ka sa mai a kunne tukuna."

"Na ji, Kwandasta."

Tsofaffi suka hau, gwiwoyinsu na karo da kujerun da aka yi don yara. Da motar ta tashi ta yi wata ƙara, Inna ta jiyo Direba ta taga yana ɗaga wa mai tuƙin murya.

"Kai! Ba haka ake sa mata giya ba! Lallaɓa ta ake yi!"

Abin da ta ji daga bakinsa ke nan har motar ta sha kwana.

* * *

Talabijin ya riƙa nuna su daga nesa: dogon layi na sojoji suna tafiya a bakin shingen waya, ba hula, kawuna baƙaƙe suna sheƙi a rana. Mai labarai ya ce zaratan ƙasa sun cika iyaka, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ba a taɓa matso da hoton kusa ba. Inna kan kafa kujera dab da akwatin tana neman mai ɗingishi da ƙafar dama.

Yakan kira ta a waya idan ya samu layi. Bai taɓa cewa yana jin jiki ba. Labarin ƙetaren kogi yake ba ta.

"Kwandasta, da kin ga yara! Da yamma suna fitowa ƙwallo a bakin ruwa, kamar an zazzage buhu. Har nan muna jin ihunsu. Wallahi da za a ba ni mota, sawu biyar ba zai kwashe su ba."

"To su ne abokan gaban?"

"Yayyensu dai. Su ma tsaye suke da bindiga suna kallon mu, muna kallon su. Ko gemu bai fito musu ba. Su suna da mutane ba fili, mu muna da fili ba mutane. Ni dai ban ga wanda ya ci riba ba."

Amarya ta sauka wata safiya, mace, mai ƙarar murya. Layin ya ɗinke da tsofaffi, kowa na son ya ɗauka, har da waɗanda hannunsu ba ya riƙe kofi. Auta ya kira uban ya kanga wayar a bakin jaririyar. Daga can ɓangaren Inna ta ji hayaniya: Direba ya ɗaga wayar sama, 'yan ɗakinsu sun kewaye shi suna sauraron kukan.

"Ƙara mana," ta ji wata murya na cewa. "Don Allah a bar ta ta ƙara."

Ranar Inna ta ce wa kanta ba ta yi kuskure ba. Ta dubi Auta rungume da 'yarsa, ta ce ko me ya biyo baya, wannan dai ta samu.

Daga nan sai wayar ta fara yin wuya. In ya kira ma, maganar gajera ce, yana yi yana jan numfashi. Ya ce an canza masa wurin aiki, iska ce ta yi yawa a can.

* * *

Mai Burodi ne ya rako gawar Direba. Inna ta same shi zaune a benci a barandar asibiti, ya rame, kansa rabi tsatsa rabi fari. Da ya gan ta ya yunƙura zai tashi, ta ce ya zauna.

"Harbin sa aka yi?"

"Ko harsashi ɗaya ba a harba ba, Inna. Daga nan har can."

Ya share baki da bayan hannu, ya ba ta labari. Duk mako ake raba musu rini, a ce su cire hula su yi ta kai da komo a bakin shinge, don na ƙetare da ke kallo da madubin hangen nesa su ga samari. Aikin ke nan, tafiya da baƙin kai. Sai rinin ya yanke, motar kaya ta daina kawowa. Aka ce duk wanda farinsa ya fito ba zai tsaya a shinge ba, kada a gane. Sai a tura shi hasumiyar gadi, inda ake sa hular kwano.

"Hasumiyar nan, Inna, matakala ce kamar za ka je gaida gajimare. Safe a hau, yamma a sauko."

"Ai na ba shi kwalba." Ta matso kusa da shi. "Na sa masa a jaka da hannuna."

Mai Burodi ya sunkuyar da kai.

"Raba mana ya yi. Akwai mai asma a ɗakinmu, akwai mai ƙafa ɗaya da rabi, ga ni. Ya ce shi ya saba zama a sama yana kallon hanya. Da buroshinsa ya shafa mana, har yana sa mana mai a kunne, wai haka matarsa ta koya masa." Ya ɗago ya dube ta. "Shekaranjiya bai sauko ba. Da muka hau, yana zaune, ya jingina da katako, fuskarsa na kallon wajen masu ƙwallo."

Aka shigar da ita wani ɗaki mai sanyi, Auta na riƙe da gwiwar hannunta. Ma'aikacin ya yaye zanen zuwa ƙirji ya koma gefe. Fuskar ba ta canza sosai ba, sai dai ta ƙara ƙanƙancewa. Gashin ne ya tsayar da ita. Bakin gashin na nan baƙi, aikin hannunta, ya ɗan koɗe. A ƙarƙashinsa kuwa fari ya tsiro tas, mai laushi kamar da. Ta ɗora yatsu a kai. Faɗin yatsa biyu cif. Iyakar abin da rinin ya saya musu ke nan.

Ba ta yi ihu ba. Ta gyara masa gashin da tafin hannu, ta ce a hankali, "Na ce a tafi, ka tafi. Ka ƙi jira in ce a tsaya."

* * *

Ba a gama karɓar gaisuwa ba hafsan ya zo, shi dai mai kallon hoton giwa. Ya cire hula a bakin ƙofa, ya zauna a gefen tabarma, ya yi ta'aziyya yadda ya kamata. Ya ce marigayin ya yi wa ƙasa hidima, za a kawo lambar yabo. Sannan ya yi ta murza hular a hannu, yana kallon ƙasa.

"Mama, ki yafe ni, aike ne. Gurbin gidan nan ya zama babu kowa. Doka ta ce gida ya cike."

"Ai mun bayar," in ji Inna.

"Kun bayar."

"To?"

"Farkon mako motar za ta zo."

Daga ɗaki aka ji Amarya ta saki wani sauti, jaririyar ta farka ta kama kuka. Auta ya raka hafsan ƙofa, ya dawo ya tsaya a tsakar gida yana kallon hannuwansa.

Inna ta ɗauki mayafi ta nufi inda ta sayo rinin. Kantin na nan a kan kwana, mai shi na zaune a bayan kanta yana gyangyaɗi. Da ya gan ta ya miƙe ya yi mata gaisuwa. A bayansa kwalaben baƙin rini ne jere har rufi, sabon kaya. Ashe a gari bai yanke ba.

"Me za a kawo, Inna?"

Ta matso, ta rage murya, duk da ba kowa a shagon.

"Akwai wanda ke mai da gashi fari?"

Ta yi zaton zai yi dariya, ko ya ce baƙin ciki ya taɓa ta. Bai yi ko ɗaya ba. Ya dube ta, ya kawar da kai.

"Ya ƙare tun makon jiya. Ke ce ta huɗu yau." Ya goge kantar da ba ta da datti. "Kuma Inna, waɗanda suka saya ma, katin shaida ake tambayar su. Mai farin kai kaɗai ake tambaya."

Ta yi masa godiya ta fita.

Da ta koma gida ta tarar da Auta zaune a kujerar robar nan a bakin banɗaki, 'yarsa na barci a ƙirjinsa. Tawul ɗin na rataye a ƙusa, tabon rinin bai fita ba. Inna ta ajiye mayafi, ta ɗauko mataji, ta tsaya a bayansa.

"Inna, me za ki yi?"

"Ka daina motsi, kada ka tashe ta."

Ta raba gashin da tsinin matajin, ta sunkuya ta duba. Ta sāke rabawa ta wajen kunne, ta koma ƙeya, ta dawo goshi, tana bi layi-layi har hasken tsakar gidan ya fara ja da baya. Baƙi ne wuluk, irin na ubansa lokacin da ta san shi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta samu ba.